Labaran Ramuwar Gayya: Wa Ke Biyan Bashin?

 

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, dalilin wannan rubutu wata majalisa ce da aka gayyace mu a nan Maraɗi. Wasu matasa ne na unguwarmu suka shirya wa kansu zaman karatu, suna haɗuwa ranar Lahadi bayan La'asar a harabar wata madarasa, maza a kan tabarmi gefe guda, mata a gefe guda, ana dafa shayi ana zagayawa da shi. A cikinsu akwai ɗaliban lise da na jami'a, akwai mushen lakkwal, akwai tela, akwai wata malamar asibiti. Al'adarsu ita ce su zaɓi littafi, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har wata ya cika, sa'an nan su zauna kowa ya faɗi abin da ya gani a cikinsa. A watannin nan sun duƙufa ga labaran bin sawun masu laifi, waɗanda ƴan lakkwal ke kira roman polisiye, da kuma labaran ramuwar gayya. Da gardama ta yi tsanani a tsakaninsu sai suka aiko mana mu zo mu raba. Mun tafi da niyyar yin magana, amma Allah Ya sa muka fi yin sauraro, kuma abin da muka ji ya isa a tsaya a yi tunani a kansa.

Irin waɗannan littattafai ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya yi lakkwal ya san masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, inda ake samun na Jems Hadli Ces, Baturen Ingila wanda ya mutu a 1985, da aka juya zuwa Faransanci, da jerin nan na SAS wanda Bafaranshe Jerar da Biliye ya fara a 1965, ya kai shi littafi 200 kafin mutuwarsa a 2013. Daga kudu kuma, tun shekarun 1980, littattafan Hausa na Kano suke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma da yawa daga cikinsu labarin maraya ne da aka ci wa gado, ko matar da kishiya ta cuta, da yadda suka rama. Yau abin ya ƙaru, domin labaran sun shiga cikin wayoyin hannu. Su dai matasan namu littafi biyu suka aza a gaba: Le Comte de Monte-Cristo na Aleksanda Duma, wanda ya fara fitowa a Faransa a 1844, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya bayan gasar rubutun Hausa ta 1933.

Abin da masu karatu suka ce

Wanda ya fara magana ɗalibin jami'a ne. Ya ce shi bai ga abin gardama ba, labari labari ne, tun muna yara kakanni ke ba mu tatsuniyar Gizo da wayonsa, ba wanda ya girma ya zama maƙaryaci don ya ji tatsuniya. In ya gaji da karatun jarrabawa sai ya ɗauki littafi ya huta, in ya rufe shi ya rufe ke nan.

Mushen lakkwal ya goyi bayansa, ya ƙara da cewa shi rabin Faransancin da ya iya daga roman polisiye ya same shi, kuma labarin bin sawu yana koya wa yaro lura da natsuwa, da ƙin yarda da zance sai an ga shaida.

Malamar asibiti ta saɓa musu. Ta ce a cikin littafi ana soke mutum da wuƙa, sai a juya shafi a wuce, amma ita a wurin aikinta ta san awa nawa ake yi ana ɗinke rauni guda, ta kuma san yadda uwa ke zama a bakin ƙofa har asuba. Abin da take tsoro shi ne littattafan suna mayar da jini abu mai arha a idon yaro.

Sai telan, wanda tun fara zaman bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce: "Allah gafarta Malam, ni zan faɗi gaskiyata. Ina da shekara goma sha biyu mahaifina ya rasu. Wani mai hali ya haɗe gonarmu da tasa. Mun je wurin maigari, mun je wurin sarki, mun je gaban alƙali, yau shekara tara ana cewa mu dawo. Duk inda muka je sai a ce mu yi haƙuri. Ban taɓa ganin an je an ce wa mutumin nan ya ji tsoron Allah ba. To, ni a cikin littafin nan na Bature kaɗai na taɓa ganin azzalumi ya faɗi. Daren da na kai wurin, sai da na yi barci mai daɗi. In wannan zunubi ne, Malam, a gaya mini."

Majalisa ta yi tsit. Mu ma ba mu yi gaggawar amsawa ba, domin maganar mai ɗaki ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tushen daɗin da ake ji

Wajibi ne mu fara da yi wa wannan bawan Allah adalci. Daɗin da zuciya ke ji idan azzalumi ya faɗi yana da tushe mai kyau. Allah Ya halicci ɗan Adam da ƙin zalunci, har yaron da bai iya magana sosai ba, in aka ƙwace masa abu aka ba wani, sai ya yi kuka na daban da kukan yunwa. Zuciyar da ta ga an cuci maraya ba ta motsa ba, ita ce mai ciwo. Alƙur'ani mai girma da kansa cike yake da labaran ƙarshen azzalumai, daga Fir'auna zuwa Ƙaruna, kuma an ba mu su ne don zukatan raunana su tabbata. Saboda haka ba mu cikin masu cewa duk labarin ƙirƙira haramun ne, ko duk mai jin daɗin faɗuwar mugu mai laifi ne. Hukuncin littafi yana bin abin da ke cikinsa da abin da yake bari a zuciya. Wanda aka cika da batsa, kamar yadda aka san jerin SAS da ita, wannan maganarsa a fili take, ba ta bukatar dogon bincike.

Amma akwai abu biyu da suke kama da juna kamar tagwaye, alhali ba uwarsu ɗaya ba. Na farko shi ne son haƙƙi ya koma ga mai shi. Na biyu shi ne son a ga mutum yana shan azaba. Na farko yana da iyaka, domin in gona ta dawo an gama. Na biyu ba ya ƙoshi, shi ya sa Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Gwanintar marubucin ramuwa ita ce ya shigo da mai karatu ta ƙofar farko, ya fitar da shi ta ƙofa ta biyu bai sani ba. Yakan tsawaita wahalar jarumi har zuciyarka ta cika, ya cire wa mugun duk wata alama ta mutuntaka, ya nuna maka alƙali maci hanci da hukuma mai barci, har ka yarda cewa babu sauran hanya sai jarumi ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne hauni. A nan ne labarin ramuwa ya rabu da labarin bin sawu wanda mushe ya yaba. A labarin bin sawu na gari, ana biɗar gaskiya ne, ana tuhumar wannan a sake shi, a gane an yi kuskure, har a kama mai laifi a miƙa shi ga shari'a. Shi kuwa mai ramuwa tun shafin farko ya gama yanke hukunci.

A nemi yaron da ke cikin labarin

Abin da muka roƙi matasan shi ne su sake buɗe littattafan nan biyu, su bar kallon jarumi da mugu, su nemo mana yaron da ke ciki.

A littafin Duma, Edmon Dantes saurayi ne matuƙin jirgin ruwa a Marsey. A 1815, ana cikin walimar aurensa, aka kama shi saboda takardar sharri da mahassada suka rubuta. Mai gabatar da ƙara, Bilfor, ya gane ba shi da laifi, amma ya jefa shi kaso don ya tsare matsayinsa. Ya shekara 14 a kurkukun tsibirin If, ya tsere, ya sami dukiya mai yawa, ya dawo da sabon suna yana bin maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya, yana ganin kansa tamkar hannun ƙaddara. Har nan mai karatu yana tare da shi. Amma tarkon da ya ɗana wa gidan Bilfor ya ƙare da matar Bilfor ta sha guba, ta kuma ba ƙaramin ɗanta Eduwar. Yaron nan ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka ɗaure Dantes. Da Dantes ya tsaya a kan gawarsa sai shakka ta kama shi, ya gane ya wuce gona da iri, kuma bayan haka ne ya bar maƙiyinsa na ƙarshe, Dangilar, da ransa. Muka tambayi telan ko ya tuna wannan wuri. Ya ce ya tuna, amma da sauri ya wuce shi.

A Jiki Magayi kuwa, Abubakar ne ke son Zainabu, sai attajiri Malam Shaihu ya shiga tsakani da ƙarfin dukiyarsa ya aure ta. An cuci Abubakar, babu shakka. Sai ya bar gida ya shiga duniya yana biɗar asirin da zai rama da shi, ya sha wahala mai tsanani, ya dawo ya sauke asirin a kan ɗan da Zainabu ta haifa, watau Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zama abin kunya ga iyayensa, har ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba. To, me Kyauta ya yi wa Abubakar? Kuma Zainabu da ya ce yana so, wace riba ta samu ban da baƙin cikin ɗa da na miji?

Marubutan nan, na Faransa da na Zariya, tsakaninsu shekara kusan 90, amma duka sun kai ga abu ɗaya, domin haka al'amarin yake a duniya. Mu da muka yi karatun Larabci mun san shi tun daga labarin yaƙin Basusa na zamanin Jahiliyya, wanda aka ce ya shekara 40 tsakanin ƙabilun Bakar da Taglibu a kan raƙuma guda. Jassasu ya kashe Kulaibu, ɗan'uwan Kulaibu kuma, Muhalhilu, ya rantse sai ya rama. Wani dattijo, Harisu ɗan Ubadu, ya ƙi shiga yaƙin, ya aika wani saurayi na gidansa mai suna Bujairu don a yi sulhu. Muhalhilu ya kashe saurayin, ya kuma ƙimanta jininsa da igiyar takalmin Kulaibu kawai. Dattijon da ya ƙi yaƙi sai ya ɗaura ɗamara, wuta ta sake tashi. Mai ramuwa kullum yana ganin jinin nasa ya fi na kowa tsada, don haka ba ya taɓa jin an biya shi, kuma abin da ya rage na bashin a kan yara da mata yake sauka.

Bambancin ƙisasi da ɗaukar fansa

Wani zai ce, ai Musulunci ya halatta ramuwa. Gaskiya ne shari'a ba ta ce wa wanda aka zalunta ya haɗiye kawai ba. Suratul Baƙara ta wajabta ƙisasi, Suratul Isra'i ta ba majiɓincin wanda aka kashe iko tare da hana shi wuce iyaka, Suratus Shura ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi, sa'an nan ta ɗaukaka darajar mai yafewa. Amma wanda ya karanta babin jini da haddi a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ya san an kewaye wannan haƙƙi da katanga. Sai laifi ya tabbata da shaida ko iƙirari ko rantsuwar da shari'a ta tsara. Sai hukuma ce ke zartarwa. Sai a kan mai laifin shi kaɗai, ban da ɗansa, ban da ƙaninsa, ban da mutanen garinsu. Mace mai ciki ma ana jinkirta mata har ta haihu, domin abin da ke cikinta bai yi laifi ba. Kuma ƙofar afuwa da ta daidaitawa a kan diyya a buɗe take har ƙarshe. Ƙisasi an yi shi ne don a rufe magana, ita kuwa fansa buɗe ta take yi.

Dubi Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da Ibnu Muljam ya sare shi a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira. Yana kwance cikin jininsa ya yi wasiyya a kyautata wa wanda aka kama, in ya mutu a kashe shi shi kaɗai, kada a yi masa gunduwa-gunduwa, kada a taɓa wani. Dubi kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar buɗe Makka a shekara ta 8, yadda ya saki mutanen da suka kore shi, har Hindu da ke da hannu a abin da ya sami baffansa Hamza ta sami shiga. A Hajjin ban kwana, shekara ta 10, da ya soke bashin jinin Jahiliyya, da jinin gidansu ya fara. Ga kuma Annabi Yusufu, wanda labarinsa ya tara duk abin da mai son labari ke biɗa: hassada, da rijiya, da bauta, da sharri, da kurkuku, da ɗaukaka, da ranar da maƙiya suka zo hannu ba su gane shi ba. Ya sami ikon da Dantes ya samu, ya jarraba ƴan'uwansa har gaskiya ta fito fili suka amsa laifinsu da bakinsu, sa'an nan ya yafe. A lura, bai yafe a kan ƙarya ba, sai da gaskiya ta tabbata.

Ba labarin nesa ba ne

Kada wani ya zaci maganar takarda muke yi. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba. A watan Oktoba na 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya zama sanadin mutuwar mutum fiye da 100 a can, mafi yawansu mata da yara. Ko mene ne asalin saɓanin, waɗannan yara ba su ci gonar kowa ba, ba su kashe kowa ba. Ba littafi ne ya jawo Toda ba, kuma ba mu ce mai karanta roman zai ɗauki wuƙa gobe ba. A nan ɗalibin jami'a yana da rabin gaskiya. Amma tunanin da ke cewa an cuce mu, hukuma ba za ta yi kome ba, duk wanda ke wancan gefe ɗaya ne, shi ne dai tunanin da mugun labarin ramuwa ke shayar da mai karatu kaɗan kaɗan. Zuciya kamar gona ce, abin da aka daɗe ana watsa mata shi take tsirowa ranar da ruwan fushi ya sauka.

Sauran maganar telan, wadda ita ce mafi nauyi, a kanmu take, mu malamai da sarakuna da alƙalai. Ya ce kowa haƙuri yake ba shi, ba mai zuwa wurin wanda ya ci gonar. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Sauƙi ne liman ya hau mumbari ya yi wa talaka wa'azin haƙuri, wuya ce ya taka zuwa zauren mai hali ya ce masa mayar da gonar marayu. Afuwa kyauta ce, kuma ba a kiran abu kyauta sai mai shi yana da ikon hanawa. Wanda aka toshe wa duk hanyar samun haƙƙinsa, sa'an nan aka ce ya yafe, an haɗa masa zalunci biyu. Yawan kasuwar labaran ramuwa a tsakanin matasa shaida ce a kanmu cewa akwai ƙishirwar adalci da ba mu kashe ba. Mun yi wa telan alkawari a gaban jama'a cewa za mu nemi dattawa biyu mu tafi wurin mutumin, muna roƙon Allah Ya ba mu ikon cikawa.

Nasiha ga masu karatu

Ba mu ce ku watse ba, ba mu ce ku ƙone littattafanku ba. Zaman karatu alheri ne, ya fi zaman fada na gulma da karta nesa ba kusa ba. Abin da muke roƙo shi ne duk lokacin da kuka gama labarin ramuwa ku yi wa kanku tambaya uku. Ta farko, wa ya biya bashin da bai ci ba, kuma marubucin ya nuna shi ko ya ɓoye shi? Littafin da ya nuna gawar Eduwar da lalacewar Kyauta ya yi wa mai karatu gaskiya, wanda kuwa ya bar jarumi ya wanke hannu ya tafi da amarya ya yaudare shi. Ta biyu, yaya jarumin ya koma bayan ya rama, ya sami natsuwa ko ya zama kamar wanda ya cuce shi? Ta uku, kuma ita ce ba mai amsa ta sai kai kaɗai: da na ji daɗi, don haƙƙi ya dawo na ji, ko don na ga mutum yana kuka? Kuma fuskar wa na aza a kan mugun labarin, ta maƙwabcina ce, ko ta kishiyar uwata, ko ta ɗan'uwana?

Da za a tashi, telan ya karɓi littafin Duma ya ce zai sake karanta wurin yaron nan, a hankali wannan karon. Ya kuma ce mutumin da ya ci gonarsu yana da ƴaƴa ƙanana, kuma shi ke ɗinka wa ɗaya daga cikinsu kayan Salla.

Allah Ya mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya shiryi azzaluman cikinmu tun kafin ranar da dukiya ba ta amfani, Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa da zukatanmu daga ƙulli. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya gafarta mana baki ɗaya.